Ina ruwan gwamnati da aurena? Amsa a kan dokar gwajin jini kafin ɗaurin aure

"Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Kano ne, an sa ranar aurena bayan babbar Sallah. Limamin unguwarmu ya ce ba zai ɗaura ba sai mun kawo takardar asibiti, ni da yarinyar, wai doka ce. Baffana kuwa ya ce wannan shisshigi ne, Musulunci ya riga ya faɗi sharuɗɗan aure, babu takardar likita a ciki. Ni ba gwajin nake tsoro ba. Abin da ke damuna shi ne, jinina ne, aurena ne, da wane hurumi gwamnati za ta tilasta mini? In an ƙyale ta a wannan, gobe kuma da me za ta zo? Kuma in sakamakon bai yi daɗi ba, tana iya hana mu auren?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Tambayoyi uku ka ƙulle wuri guda, gara a kwance su domin amsarsu ba ɗaya ba ce. Akwai ko gwamnati na iya sa ka yi gwajin. Akwai ko tana iya sanin abin da gwajin ya nuna, ko ta bar wasu su sani. Sai kuma ko tana iya hana auren saboda sakamakon. A fahimtata ta doka, na farko tana da hujja mai ƙarfi a kansa, na biyu rabonta a ciki ƙalilan ne, na uku kuwa ya fi ƙarfinta. Yawancin gardamar da ake yi a majalisun unguwa tana tasowa ne daga cakuɗa ukun nan, sai a kwana ana musu kowa na magana a kan abu daban.

Limaminku bai ƙirƙiro maganar ba. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure ta Jihar Kano. Abin da gwamnati ta sanar shi ne ba za a ɗaura aure ba sai an gabatar da takardar gwaji daga asibitin da hukuma ta amince da shi, gwajin kuma ya haɗa da jinotaif (nau'in jinin da ake gada daga iyaye, mai nuna haɗarin sikila), ciwon hanta nau'in B da C, da HIV. An ce wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Dokar ta kuma hana tsangwamar masu ɗauke da waɗannan larurori. Don haka limamin da ya ce sai da takarda kansa yake karewa, kada ka riƙe shi a zuci.

Daga ina jiha ta samo ikon?

Kafin a kai ga maganar 'yanci, lauya yakan fara tambaya ko majalisar da ta yi dokar ma ita ce mai hurumi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ware wasu al'amura ya ce majalisar tarayya ce kaɗai za ta yi doka a kansu, kuma abu na 61 a wannan jeri shi ne ƙulla aure da warware shi, amma ban da auren Musulunci da na gargajiya. Ma'ana, auren rajista da ake yi ƙarƙashin dokar aure ta tarayya na Abuja ne, auren da ake ɗaurawa a masallaci ko a ƙofar gida kuwa yana hannun jiha. Kiwon lafiyar jama'a ma jiha na da ta cewa a kansa. Naka auren na Musulunci ne, saboda haka ta wannan ƙofa babu inda za ka kama majalisar Kano. Da a ce ma'auratan rajista ne suka kawo ƙorafi, da akwai gardama mai daɗi da za a yi.

'Yancin da kake ji a jikinka kuma ba ƙirƙirarsa ka yi ba, yana rubuce. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, taken sashen ma ya ambaci rayuwar iyali. Sashe na 38 ya kare 'yancin tunani da addini. Kotun Ƙoli ta fassara waɗannan biyun da faɗi a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci. Wata mata ce mai bin Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara mata jini, ta rubuta ta sa hannu, likitan ya mutunta zaɓinta, ta rasu. Aka hukunta likitan, Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da damar ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. Wannan shi ne gatan da doka ta ba jikinka, kuma babba ne. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai dai kundin da ya ba ka da hannun dama ya riƙe wani abu da na hagu. Sashe na 45 ya ce ba za a soke wata doka don ta taɓa sashe na 37 zuwa na 41 ba, muddin dokar abu ce da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya, kuma an yi ta don tsaron ƙasa, ko amincin jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar al'umma, ko don kare haƙƙin wasu mutane. Duk wata dokar da ta taɓa zaɓin mutum a ƙasar nan, daga ɗaura bel a mota zuwa hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, a wannan sashe take jingina. Kuma kotun da ta yanke shari'ar Okonkwo ita ce a 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta ce uwa ba ta da ikon hana a ƙara wa jaririnta jini don aƙidarta. Babu tufka da warwara tsakanin hukuncin biyu. A na farko wadda ta yi zaɓin ita ce ta ɗauki sakamakonsa. A na biyu wanda zai mutu ba shi ya zaɓa ba.

To a aure, wa ke ɗaukar sakamakon?

Nan ne maganar "jinina ne" take rauni. Jinin naka ne, amma aure ba abu ne da kake yi kai kaɗai ba. Akwai yarinyar da za ta haɗa shimfiɗa da kai, akwai uwargida in kana da ita, akwai 'ya'yan da ba a haifa ba balle a tambaye su. HIV da ciwon hanta nau'in B suna bin saduwa, suna kuma iya bin uwa zuwa jariri, kuma mutum yana iya shekaru da su yana ƙiba yana sheƙi bai sani ba. A gidan mata biyu ko uku, cutar da ta shigo ta ɗaki ɗaya tana zagaya gidan duka.

Sikila kuwa lissafi ce tsagwaronta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar S ba tare da ciwo ba, wato AS, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na fitowa SS, wato mai sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA, wato marar ƙwayar S. Ka lura da kalmar kowane ciki. Mutane da yawa suna ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito da ciwon, sai ka ji ana cewa "ai mun riga mun haifi na sikilar, saura lafiyayyu". Ba haka ba ne. Ƙuri'a ce sabuwa a kowace haihuwa, akwai gidan da aka jera uku, akwai gidan da aka haifi bakwai babu ko ɗaya. Idan AS ya auri SS kuwa rabi da rabi ne. AS da AC (mai ɗauke da wata ƙwayar daban da ake kira C) ma suna iya haifar SC, wanda shi ma ciwo ne ko da yake sau da yawa bai kai SS tsanani ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti cikin hunturu, ya ga yaro ɗan shekara shida yana murƙususu yana cewa a cire masa ƙafa, uwar na danna masa tsumma mai ɗumi, uban na waje yana neman wanda zai ba da leda ɗaya ta jini ƙarfe biyun dare, ya san ba ango da amarya ne kaɗai ke biyan kuɗin rashin sani ba.

Saboda haka idan aka kai dokar gaban alƙali, lauyan gwamnati ba zai sha wahalar nuna manufa ba: lafiyar al'umma da kare haƙƙin wasu, duka biyun suna cikin sashe na 45. Abin da aka nema daga gare ka kuma ɗan kaɗan ne in aka auna, jini cikin sirinji sau ɗaya. Ba a tilasta maka shan magani ba, ba a yi maka tiyata ba. Ina ganin da wuya kotu ta rushe wajabcin gwajin kansa. Wannan karatuna ne na doka, ba hukunci ba ne, kuma alƙali na iya ganin abin da ban gani ba.

Maganar baffa

Baffanka bai yi kuskure ba a abin da ya faɗa. A mazhabar Malikiyya aure yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki, da siga, da ma'auratan da babu abin da ya haramta su ga juna, tare da shaidu biyu adilai. Babu takardar likita. Ba shi kaɗai ba ne ma a wannan ra'ayi: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 2003, ta ce bai halatta a wajabta gwajin a rataya rubuta aure a kansa ba, ko da yake a zaman nan ɗin ta yi kira da a wayar da kai a kuma sauƙaƙa gwajin ga masu so. Wanda ya ce duk mai jayayya da dokar jahili ne bai yi adalci ba.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ma daga cikin fiƙihu yake. Malamanmu tun a littattafan da ake karantawa a zaure sun san aibin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye shi: hauka, kuturta, albaras, da larurar da ke hana saduwa. Wato shari'a ta riga ta yarda cewa abokin zama yana da haƙƙin sanin lafiyarka kafin ya amince. Ga hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, ga ƙa'idar da ta ce abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu. A kan waɗannan ne malaman da suka halatta suka dogara, suka ce shugaba na iya sa ƙaidi a kan abin da yake halal idan akwai maslaha bayyananniya. Saudiyya ta bi wannan ra'ayi, ta wajabta gwajin sikila da talasimiya (wata cutar jini da ake gada) tun 2004, ta ƙara HIV da ciwon hanta a 2008.

Abin da zai kwantar wa baffa hankali shi ne bambanci tsakanin sharaɗin ingancin aure da umarnin hukuma. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu ba tare da takarda ba, a fiƙihu aure ne, 'ya'yan na halal ne, gado yana gudana. Abin da ya faru shi ne an saɓa dokar jiha, kuma wannan laifi ne daban da hukuncinsa daban. Gwamnati ba ta ƙara rukuni a addini ba.

Inda gwamnati za ta wuce gona da iri

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Duk hujjar da na kawo a sama hujja ce ta sani: kada a yaudari yarinya, kada ma'aurata su shiga abu ido rufe. Da zarar an yi gwajin, an zaunar da ku an yi muku bayani, kowa ya ji sakamakon ɗan'uwansa, wannan hujja ta ƙare aikinta. Abin da ya rage zaɓi ne na baligai biyu, kuma nan shari'ar Okonkwo take dawowa da ƙarfinta. Idan wata doka ko wani jami'i ya zarce ya ce AS da AS ba za su yi aure ba, ko mai HIV ba zai auri marar ita ba ko da ta sani ta yarda, to an tashi daga kare mutum daga yaudara an koma zaɓar masa abokin rayuwa. Ban ga yadda wannan zai tsallake sashe na 37 ba. Ga kuma sashe na 42, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa kawai, kuma jinotaif abu ne da aka haife ka da shi. Sashe na 45 bai ma lissafa na 42 cikin waɗanda ake iya taƙaitawa ba.

Ilimin likitanci ma ba ya goyon bayan hani. Mai HIV da ke shan magani a kan ƙa'ida har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa, kuma da kulawar asibiti ana haihuwar yara lafiya lau. Ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi, allura uku cikin wata shida ga wanda ba ya ɗauke da shi, jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C ana warkewa da ƙwayoyi cikin kamar mako 12. Sikila ce mai wuyar sha'ani domin ita ba ta da irin wannan mafita mai sauƙi, kuma ni da za ka nemi shawarata a matsayin ɗan'uwa, AS da AS su haƙura tun ba a yi nisa ba. Amma shawara daban, hani da ƙarfin hukuma daban. Akwai bazawarar da ta wuce haihuwa, akwai waɗanda suka yarda ba za su haihu ba, akwai masu halin yin dashen ƙwai a asibiti a tantance kafin a dasa. Dokar hani ba ta ganin waɗannan duka. Ko Saudiyya da ta wajabta gwajin sikila ta bar wa ma'aurata zaɓin ci gaba bayan an yi musu nasiha.

Sai batun sirri, wanda a aikace ya fi komai lalacewa. Ka san yadda ɗaurin aure yake a wurinmu: an idar da sallar Juma'a, masallaci cike, wakilin ango da waliyyin amarya sun matso gaban liman, ana miƙa goro da alawa, maroƙi na jiran a shafa fatiha ya ɗaga murya. A wannan cunkoso ne ake zaro takarda daga aljihun babbar riga, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta isa ga liman. Idan sakamakon ne a rubuce ɓaro-ɓaro, kafin la'asar unguwa ta gama ji. Yarinyar da aka fasa aurenta ta wannan hanya ba ta rasa miji ɗaya ba, ta rasa duk masu zuwa bayansa. Doka ba ta yarda da haka ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, dokar hana tsangwamar masu HIV, ita ma ta 2014, ta ƙarfafa haka, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Abin da liman yake buƙata shi ne shaidar cewa an yi gwajin kuma ɓangarorin biyu sun san sakamakon. Ba aikinsa ba ne ya san ko kai AS ne. Musulunci ma da ya yi umarni da hisba shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane, a Suratul Hujurat.

Hukuncin ma abin dubawa ne. Shekara 5 a gidan yari saboda rashin takarda ya yi nauyi ƙwarai in aka kwatanta da laifin, musamman a ƙauyen da asibitin da ke iya gwajin jinotaif yake da nisan tafiyar rabin yini da kuɗin mota. Wajabcin da talaka ba zai iya saukewa ba yakan haifi abu biyu, aure a ɓoye ko takardar bogi. Mun ga irinsa. Da aka tilasta hular kwano a farkon 2009, 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka riƙa kifawa a ka suna ɗaurewa da igiya, har labarin ya zagaya duniya. An bi doka a ido, kai kuwa bai tsira ba. Takardar da aka saya a bakin asibiti ba a ɗebi jinin kowa ba ita ce ƙwaryar wannan doka, kuma ta fi rashin takarda sharri, domin tana sa yarinya ta saki jiki. Jihar da ta ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 ta san abin da rashin yarda tsakanin jama'a da hukuma yake jawowa a harkar lafiya.

Tsoronka na "gobe kuma da me za ta zo" yana da tushe. Shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Buba Marwa, ya sha yin kira da a riƙa yi wa masu shirin aure gwajin shan miyagun ƙwayoyi. Wani zai ce a ƙara gwajin ciki, wani ya ce na ƙwaƙwalwa, wani ya ce a duba albashi. Ma'aunin da za ka riƙa ɗora kowace sabuwar shawara a kai shi ne wanda kotu za ta ɗora: wa ake karewa, kai ko wani? Cutarwar tabbatacciya ce ko zato? Akwai hanya mafi sauƙi da za ta kai ga manufar? Kuma hukuncin ya yi daidai da laifin? Ka kuma bambanta da auren gata, irin wanda gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a 2023. A can gwamnati ce mai biyan sadaki da kayan ɗaki, wanda bai son sharaɗinta sai ya yi aurensa da kuɗinsa. A naka babu sisinta, don haka hujjarta dole ta fi ƙarfi. Sannan ka riƙe sashe na 36(12): ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba. Sanarwar wani kwamiti ko jawabin wani shugaban hukuma a rediyo ba doka ba ce.

Abin da ya kamata ka yi yanzu

Kada ku jira satin biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. A shekarun farko na tsarin Saudiyya, kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa jininsu bai dace ba sun yi aurensu duk da haka, kuma babban dalili shi ne an yi gwajin bayan an gama kashe kuɗi an gayyaci mutane. Zuwa 2009 masu fasawa da kansu sun kai wajen rabi. Mu ma haka ne: bayan an kai lefe, an buga kati, an yi wa amarya jere, babu mai ƙarfin halin cewa a fasa. Lokacin gwajin jinotaif shi ne kafin manya su shiga maganar. Kai an riga an sa rana, to ku je cikin makon nan.

Ku je asibitin gwamnati ko wanda aka tabbatar muku hukuma ta amince da shi, ku biyu tare, kowa a ɗebi jininsa a gaban ɗan'uwansa, a rubuta suna a jikin kwalbar kuna gani. Yawancin maguɗin da ake yi a nan yake faruwa, a tura ƙani ko aboki ya ba da jini. A jinotaif ku nemi gwajin elektiroforesis ko na HPLC. Ƙaramin gwajin da ke nuna akwai S ko babu kawai ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa ma'aikacin, domin jinin da aka ƙara masa yana iya sa SS ya fito kamar AS. Kada a ruɗe jinotaif da rukunin jini, wato A da B da O, abu biyu ne daban, kuma na sha ganin takardun da aka kawo da "O" ana murna an ɗauka an tsira daga sikila. Idan sakamakon jinotaif ya saɓa wa wanda ka sani a da, ko ya zo da abin da zai rusa auren, a maimaita a wani ɗakin gwajin kafin a yanke shawara, domin kuskure yana faruwa. HIV kuma tana da lokacin ɓuya, gwajin gaggawa yana iya kasa ganinta har zuwa wata uku bayan kamuwa, shi ya sa ake son a yi sau biyu, ɗaya yanzu ɗaya dab da biki. Fassarar sakamakon aikin likita ne, ba nawa ba, ku zauna da shi ku yi tambaya har ku gamsu.

Wajen karɓar takarda, ku roƙi a ba ku shaidar da za a kai wa liman daban da cikakken sakamakon. In asibitin takarda ɗaya yake bayarwa, to waliyyi da wakilinka su kai wa liman gida kwana biyu kafin ranar, a cikin ambulan, ya gani ya mayar muku. Kada a bar kwafi a hannun kowa, kada a ɗauki hotonta a tura a WhatsApp na dangi.

Idan wani ma'aikacin asibiti ko jami'i ya fallasa sakamakonku, ko aka hana ku aure bayan ku biyun kun sani kun amince, sashe na 46 ya ba ku damar zuwa Babbar Kotu a jihar. Ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun sauƙaƙa hanyar: takardar buƙata, da bayanin haƙƙin da aka tauye da abin da kuke nema, da takardar rantsuwa, da rubutacciyar hujjar lauya. Wanda ake ƙara yana da kwana biyar ya mayar da martani bayan an kai masa sammaci, kuma irin wannan ƙara ba ta da wa'adin da za a ce lokaci ya wuce. Ku adana duk wata shaida, saƙon waya, sunan wanda ya ji, rana da wuri, domin shari'ar fallasa tana faɗuwa ne galibi a kan rashin tabbatar da bakin da maganar ta fito. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya fara kai kuka ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano, ba a biyan ko kwabo wajen shigar da ƙorafi a can.